Haddar Ƙamus Ba Ita Ce Iya Turanci Ba

Wai shin har yaushe za mu ci gaba da zura ido ana wahalar da 'ya'yanmu da sunan koya musu Turanci? Duk wanda ya yi boko a cikinmu ya san abin da muke nufi. Malam ya cika allo da kalmomi, ya ce gobe a zo da su a ka. A yi ta maimaitawa kamar aku, wanda kuwa bakinsa ya suɓuce ya yi Hausa, sai tara ko bulala. Bayan shekara goma sha biyu, ga ɗalibi ya san "decide", amma ya ci karo da "decision" ya tsaya yana zare ido.

Laifin ba na yaro ba ne. Ba a taɓa nuna masa cewa kowace kalma da danginta ba, alhali ya san haka a harshensa tun yana goye. Daga rubuta ya san rubutu, marubuci da rubutacce. To, ina wuyar a ce masa haka "write" ta haifi "writing", "writer" da "written"? Yadda muke fitar da manomi daga noma, haka Bature ya fitar da "farmer" daga "farm". Kai, har kayan aiki ma hanya ɗaya aka bi: buɗe ta ba mu mabuɗi, "open" ta ba su "opener". Yaro da yarinta kuwa, ai su ne "child" da "childhood". Yaron da aka buɗe wa wannan ƙofa, in ya kama kalma ɗaya ya kama huɗu.

Masu cewa Hausa ce ke hana yara jin Turanci, muna roƙonsu su duba tarihi. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci kuma ya zama darasi mai zaman kansa. Yaran nan ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara da harshen uwa. A 2022 gwamnatin tarayya ta ƙara wa'adin zuwa shekara shida, sai ga shi a Nuwamban 2025 Ministan Ilimi ya ba da sanarwar soke tsarin, yana kafa hujja da faɗuwa jarrabawa. Muna tambaya: da waɗanne littattafai aka gwada shi? Ina malaman da aka horar?

A nan ne zancen ya dawo kanmu, mu marubuta. Wasunmu ba su da aiki sai cusa manyan kalmomin Turanci a bakin taurarin labarinsu don a ce sun yi boko. Da wannan ƙarfin muka sa wajen rubuta ƙananan littattafai masu jera dangin kalmomin harsunan biyu kafaɗa da kafaɗa, da malamin ƙauye ya sami abin riƙewa. Tun 1965 Neil Skinner ya fitar da ƙamusun Turanci da Hausa. Mu masu harshen fa, me muke jira?

Ba gaba muke yi da Turanci ba, muna so ne 'ya'yanmu su iya shi da gaske. Amma kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba. Allah Ya sa mu gyara.