Yaron da ya girgiza Birkdale, da abin da ya biyo bayan tafi

Yau ba zancen kokowa ko tamola muka kawo muku ba, zancen ƙwallon lambu ne, wanda Turawa ke kira golf. Mun san da yawa daga cikinmu ba mu taɓa riƙe sandar wannan wasa ba, sai dai mu hango shi a talabijin mu canza tasha. To amma ku ɗan yi haƙuri da mu, domin labarin yaron da za mu ba ku ya shafi duk gidan da ke da ɗa mai baiwar wasa.

Ga yadda wasan yake a taƙaice. Fili ne babba mai ramuka 18, ɗan wasa na bugun ƙaramar ƙwallo da sanda har ta faɗa kowane rami. Wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ne gwani. A manyan gasanni kwana huɗu ake yi, ramuka 72 ke nan. Bayan kwana biyu sai a yi tankaɗe: daga cikin ƴan wasa 156, wajen 70 ne ke ci gaba, sauran kowa ya kama hanyar gida. Ƴan wasan kuma iri biyu ne. Akwai ƙwararru, waɗanda wasan ne sana'arsu, da shi suke ci suke sha. Akwai kuma ƴan sha'awa, yawanci ƴan lakwal da ɗalibai, waɗanda doka ta hana su karɓar kuɗin gasar ƙwararru ko da sun yi na ɗaya.

A watan Yulin 1998 aka yi gasar Open ta Birtaniya, wadda ta fi kowace daɗewa cikin manyan gasanni huɗu na duniya, a filin Royal Birkdale na ƙasar Ingila. Cikin waɗanda suka shiga akwai wani ɗan sha'awa mai shekara 17, sunansa Justin Rose, haifaffen Johannesburg da ya girma a Ingila. Ba wanda ya sa shi cikin lissafi. A rana ta biyu, ana iska mai ƙarfi, yaron ya gama ramuka 18 da bugu 66. A ranar ƙarshe, a rami na ƙarshe, ƙwallonsa ta faɗa cikin doguwar ciyawa wajen mita 45 daga ramin. Ya ɗaga ta da bugu ɗaya, ta sauka, ta gangara, ta shige. Fili ya kaure da sowa. Ya ƙare cikin waɗanda suka yi na huɗu, Tiger Woods na gabansa a na uku, Mark O'Meara na Amurka ya ɗauki kofi. Rose ya koma gida da lambar azurfa ta gwanin ƴan sha'awa, ba ko dala a aljihu.

Washegari ya sanar cewa ya zama ƙwararre. A nan ne labarin ya juya. Gasa 21 a jere ya shiga, kusan shekara guda cur, babu ɗaya da ya tsallake tankaɗe. A gasannin yau da kullum na ƙwararru, wanda bai tsallake tankaɗe ba ba shi da komai, alhali shi ke biyan kuɗin jirgi, da na masauki, da na mai ɗaukar masa jakar sanduna. Jaridun da suka ɗaga shi sama su ne suka koma ƙidayar faɗuwarsa mako bayan mako.

Me ya faru? Hannunsa bai canza cikin dare ɗaya ba. Abin da ya canza shi ne nauyin da ke kansa. A Birkdale yaro ne da ba ya bin kowa bashi, ba a binsa. In ya yi kuskure, a ce ai yaro ne. In ya yi daidai, a yi tafi. Daga ranar da ya sa hannu a takarda, kowane bugu ya zama kuɗi, kowane kuskure ya zama asara, ga kamfanonin talla na jira, ga ƙasa baki ɗaya ta zuba ido. A ra'ayinmu wannan shi ne babban bambanci tsakanin ɗan sha'awa da ƙwararre. Kwana huɗu masu kyau, yaro mai baiwa na iya yin su. Sana'a kuwa ita ce ka maimaita su mako talatin a shekara, da lafiya da ciwo, da kuɗi da babu.

Mai karatu na iya cewa, to ai dokar ce ta tura shi. Ina adalci a ce mutum ya yi aikin, a miƙa ladan ga wani? Maganar na da nauyi. Ku dubi abin da ya faru a watan Janairun 2024 a jihar Kalifoniya. Nick Dunlap, ɗalibin jami'ar Alabama mai shekara 20, ya cinye gasar American Express a gaban ƙwararru, abin da wani ɗan sha'awa bai yi ba a Amurka tun Phil Mickelson a 1991. Kuɗin na ɗaya dala miliyan 1 da dubu 512 ne, wajen miliyan 900 na sefa. Dunlap ya ɗauki kofi, kuɗin kuwa aka ba Christiaan Bezuidenhout na Afirka ta Kudu da ya zo na biyu. Wa zai ga irin wannan kuɗi ya wuce ta gabansa, sannan ya koma aji ya zauna? Cikin ƴan kwanaki Dunlap ya bar wasan jami'a ya zama ƙwararre.

Mu ma muna ganin dokar ta yi tsauri. Hukumomin wasan sun ɗan sassauta a 2022, inda suka yarda ɗan sha'awa ya yi talla, kuma ya karɓi kyautar da ba ta wuce dala 1000 ba. Da za a ji tamu, da an ajiye wa irin waɗannan yara wani kaso na kuɗin da suka ci, a biya musu karatu da horo da shi, sauran a ba su ranar da suka mallaki hankalinsu. Hakan zai rage gaggawar da ke sa yaro ya yanke shawarar rayuwarsa cikin dare ɗaya, kunnensa na cike da tafi.

Wani kuma zai ce, ai Rose ya yi nasara daga baya, me ake kuka da shi? Gaskiya ne. Ya ci gasarsa ta farko a Johannesburg a 2002, ya ci US Open a 2013, ya ɗauki zinare a wasannin Olamfik na Riyo a 2016, a can inda ɗan ƙasarmu Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya samo mana azurfa a taekwondo. A 2018 ya zama na ɗaya a duniya. To amma a duba shekarun: 15 ne tsakanin Birkdale da babban kofinsa na farko. A duba kuma abin da ya riƙe shi. Mahaifinsa Ken ne ya koya masa wasan, ya tsaya tare da shi cikin shekarun wahala har ya rasu a 2002. Akwai kuma tsari da ya ba shi damar komawa ya zauna gasar neman izini kamar kowa, ya sake hawa daga ƙasa. Shi kansa Dunlap, duk da ya sake cin wata gasa a Yulin 2024, a gasar Masters ta 2025 bugu 90 ya yi a rana ta farko, shi ne na ƙarshe. Ya dawo washegari ya yi 71, wannan kuwa abin yabo ne. Muna jin labarin waɗanda suka tashi bayan sun faɗi ne kawai. Waɗanda ba su tashi ba, ba a rubuta su a jarida.

A nan ne zancen ya iso ƙofar gidanmu. Mu da ke aikin rediyo mun sha ganin yaro ya haskaka a gasar unguwa ko ta makarantu, mu kanmu mu zuga shi a makirfo, mu laƙaba masa sunan wani tauraron Turai. Kafin mako ya zagayo, wani ɗan kamasho ya bayyana da alkawarin gwaji a ƙetare, iyaye su sayar da tumaki ko gona, yaro ya bar aji saura shekara ɗaya ya zauna jarrabawa. Rose ya faɗi sau 21 ya tarar da uba da tsari sun tare shi. Namu yaron in ya faɗi sau ɗaya a wata ƙasa, ba takardar shaida, ba kuɗin mota, wa zai tare shi?

Ba muna cewa a danne baiwa ba ne. Roƙonmu ga iyaye shi ne kada a yanke shawara a makon tafi, a bari ƙura ta lafa, a ga yaro ya maimaita abin nan sau biyu, sau uku, karatunsa kuma na tafiya. Roƙonmu ga magabatan ƙungiyoyin wasanni shi ne su san duk mai neman fita da yaro ƙasa da shekara 18, su binciki takardunsa. Mu ƴan jarida kuma mu auna bakinmu, domin kirarin da muke yi kyauta wani ne ke biyan kuɗinsa. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

Allah ya raya mana yaranmu, ya sa baiwarsu ta amfane su. Sai mun haɗu a wani makon.