Wasiƙa Zuwa ga Masu Rainon Fure a Rumfar Leda



Mai wannan wasiƙa dattijo ne a unguwar Hotoro ta Kano, ya tsufa da butar ban-ruwa a hannu. Yabo zai yi shi a taƙaice: duk wanda ya raya furannin gabera da anturiyam ba a cikin ƙasa ba, a zafin Afrilu da ke haura digiri 40, ya isa a ce masa sannu da ƙoƙari.

Abin da ya hana tsohon barci ruwa ne. Kwanan baya ya leƙa wata rumfa, ya tarar da ledoji cike da garin ɓawon kwakwa, ba a jiƙa ba, balle a wanke. Bakin ganye duk ya ƙone, gishiri ya yi fari fat a wuyan leda. Ya tambayi yaron wurin inda ake samo ruwa. "Baba, tanka ce ke kawowa." Daga ina? Shiru.

Ƙasa takan shanye kuskuren mai lambu. Garin kwakwa kuwa da gishirinsa yake zuwa, kuma abin da aka zuba masa da safe, shi saiwa za ta sha kafin azahar. Ga shi kowa a Kano ya san majemun Challawa da Sharada suna aiki da sinadarin kuromiyam, dagwalon Sharada yana bin rafin Salanta, na Bompai yana gangarawa Getsi ya haɗu da Jakara. Haba! Da wannan a unguwa, mutum ya karɓi ruwa ido rufe?

Masu jigon da, tsofaffin masu lambu a Kwakwaci, ba su da na'ura, amma sai sun kamfata sun sansana kafin su sakar wa fangali. Su ne suka ga an kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Audu Bako, suka san darajar ruwa mai kyau. Yanzu ga boko, ga waya a aljihu, hanci ya mutu.

A gafarci tsoho, harshe ne ya zarce. Roƙonsa kaɗan ne: a wanke garin kwakwa, a babbake buntun shinkafa sama-sama kafin a cakuɗa su, a sayi 'yar na'urar gwada gishiri, a tsayar da ma'aunin tsamin ruwa (pH) tsakanin 5.5 da 6.5. Mai tanka kuma a tsare shi sai ya faɗi rijiyar da ya ɗebo.

Tsohon yana nan Hotoro bayan la'asar, wanda ganyensa ya ƙone ya zo da kwalbar ruwansa. Wassalam.