Wa Zai Kalla? Amsa Daga Gasar Ƙwallon Raga ta Ɗalibai Mata a Amurka

 

Aikina a fada rubutu ne. Abin da dattawa suka yanke shi nake sa wa alƙalami, ko ya yi mini daɗi ko bai yi ba, kuma shekara ashirin da ɗoriya ina wannan hidima ban taɓa fitowa fili na ja da takardar da hannuna ya rubuta ba. Yau zan yi haka, bayan na nemi izinin maigidana ya kuma ba ni. Ina roƙon dattawa su yi mini uzuri, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

A watan jiya wata malamar makaranta, 'yar unguwarmu, ta kawo takarda tana roƙon a ba 'yan mata filin bayan makaranta yamma biyu a mako, su kafa raga su koyi ƙwallon raga. Ta ce ragar da ƙwallon da kuɗinta za ta saya. Aka zauna, aka tattauna, aka ƙi. An ambaci sutura, zan zo kanta. Amma maganar da ta rufe zaman ita ce ta wani dattijo da nake ganin girmansa, wanda ya ce: "Wasan mata wa zai kalla? A bar wa samari filin, su ke tara jama'a." Kowa ya gyaɗa kai, ni kuma na rubuta amsar ƙi, na kai wa malamar da hannuna.

Wannan tambaya ba a unguwarmu aka fara yin ta ba. An yi ta a Amurka shekara hamsin da suka wuce, a cikin majalisar dokoki da ofisoshin manyan jami'o'i, kuma akwai wata gasa da ta amsa ta dalla-dalla. Ita nake so mu duba tare.

Kowace shekara a watan Disamba, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, wadda ake kira NCAA, takan shirya gasar ƙasa ta ƙwallon raga ta ɗalibai mata. Jami'o'i sama da 300 ne ke rukunin farko, daga cikinsu ake tace 64. Kusan rabi suna shiga ne don sun lashe gasar shiyyarsu, sauran kuma kwamiti ke zaɓo su bisa ƙwazon da suka nuna a kakar. Daga nan wasa ne na sili ɗaya ƙwale: wadda aka doke ta tattara kayanta, har zagaye shida, sai a ga gwana. Kowace karawa ana neman wadda za ta fara cin turmi uku cikin biyar. Turmi maki 25 ne, na biyar kuma 15, kuma dole a ci da ratar maki biyu. Jami'ar Stanford ta ɗauki kofin sau 9, Penn State sau 8, Nebraska sau 5. Masu wasan duka ɗalibai ne, wadda karatunta ya lalace ba ta shiga fili. Shekaru da dama ƙa'ida ta ba kowace jami'a damar ɗaukar nauyin karatun 'yan wasa 12, ma'ana dubban 'ya'yan mutane sun yi digiri ta dalilin wannan raga.

Mai kallon abin a waya yau zai zaci haka aka tashi aka gan shi. A shekarar karatu ta 1971 zuwa 1972, 'yan matan da ke wasanni a makarantun sakandaren Amurka gaba ɗaya ba su kai 300,000 ba, a ƙasar da samarinta masu wasa suka haura miliyan uku da rabi. A ranar 23 ga Yuni, 1972, Shugaba Nixon ya sa hannu a dokar ilimi mai ɗauke da babin da suke kira Title IX, wato Babi na Tara. Zuciyar babin kalmomi 37 ce kacal, kuma ko sunan wasa ba ta ambata ba. Abin da ta ce shi ne duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ba ta da ikon hana wani ɗalibi wani shiri nata saboda shi namiji ne ko mace.

Nan take masu tambayar "wa zai kalla" suka miƙe. A 1974 Sanata John Tower na jihar Texas ya kawo gyara yana neman a tsame wasannin da ke kawo kuɗi daga dokar, gyaran bai samu shiga ba. A 1976 ita kanta NCAA ta kai gwamnati kotu tana ƙalubalantar ƙa'idojin aiwatar da dokar. Hujjarsu ita ce tamu ta watan jiya, sai dai tasu da kwat da laktaye: maza ke tara jama'a, maza ke kawo kuɗi, in aka raba fili da mata kowa zai yi asara. Da suka ga dokar ba ta da niyyar mutuwa, sai hukumar da ta kai ƙara ta dawo ta karɓi ragamar wasannin matan, ta shirya gasar ƙwallon raga ta farko a 1981 da ƙungiyoyi 20. Sai a 1998 adadin ya kai 64. Yau 'yan mata masu wasa a sakandaren Amurka sun haura miliyan uku.

A dubi jihar Nebraska, jihar manoman masara da makiyayan shanu, wadda mutanenta duka ba su wuce miliyan biyu da wani abu ba. Jami'arta da ke birnin Lincoln ta kafa ƙungiyar ƙwallon raga ta mata a 1975. Koci Terry Pettit ya karɓe ta a 1977, ya yi shekara 18 yana noma kafin ya girbe kofin farko a 1995. Magajinsa John Cook ya ƙara huɗu, a 2000 da 2006 da 2015 da 2017. Tun daga 2001 ba su yi wasan gida na kaka kujera ta kwana ba a sayar ba, har zauren mai ɗaukar mutum kusan 4,000 ya yi musu kaɗan, suka koma mai ɗaukar kusan 8,000 a 2013. A ranar 30 ga Agusta, 2023, suka fito da ragar tsakiyar filin ƙwallon maza na jami'ar, mutum 92,003 suka shiga kallo. Adadin ya zarce 91,648 da suka kalli matan Barcelona a filin Camp Nou a 2022, wanda shi ake lissafawa a matsayin taro mafi girma na wasan mata kafin wannan rana.

Tsakanin 1975 da 2023 shekara 48 ce. Da dattawan Lincoln na wancan lokaci sun ce sai sun ga mutum dubu casa'in a ƙofa kafin su ba da fili, da har yau ba a kafa ragar ba. Fili aka fara bayarwa, aka ba da malami, aka ba da lokaci, yarinyar da ta yi kallo a kafaɗar babanta ta girma ta shiga fili, ita ma ta haifi mai kallo. Wanda ya hana iri shiga ƙasa, sa'an nan ya tsaya a bakin gona yana tambaya ina amfanin, tambayarsa ba ta neman amsa.

Kada kuma a zaci masu wannan tambaya sun ƙare a can. Gasar da annobar korona ta ɗage zuwa Afrilun 2021 an tattara ta ne a birnin Omaha da ƙungiyoyi 48, aka shimfiɗa filayen zagayen farko a zauren taro, har aka shirya nuna wasannin farko babu masu sharhi, sai da kociyoyi suka yi ƙorafi a fili aka gyara. Bayan shekara biyu da 'yan watanni, a Disambar 2023, aka sa wasan ƙarshe a karon farko a babbar tashar ABC wadda kowane gida ke kamawa, Texas ta doke Nebraska, mutum kusan miliyan 1.7 suka kalla. 'Yan wasan ba su canja ba, tsayin raga bai canja ba. Tashar da aka sa su ce ta canja. Shekara da shekaru ana ɓoye kaya a ƙuryar shago, ana kuma kafa hujja da cewa ba a saye.

Akwai wani abin lura da ya fi wannan nauyi. Daga 1981 zuwa 2023 an yi gasar sau 43, kuma duk ƙungiyar da ta ɗauki kofi namiji ne kocinta, a wasan da mata zalla ke bugawa. Sai a ranar 22 ga Disamba, 2024, a birnin Louisville, gaban mutum 21,860, aka yi wasan ƙarshe da mata biyu ke jagorancinsa: Katie Schumacher-Cawley ta Penn State da Dani Busboom Kelly ta Louisville. Penn State ta ci da turmi 3 da 1. Ita Katie ta taɓa ɗaukar wannan kofi tana ɗaliba a 1999, kuma ta ja ƙungiyarta a kakar 2024 tana cikin jinyar sankarar mama. A wasan kusa da na ƙarshe Nebraska ta riga ta ci su turmi biyu, suka farfaɗo suka ci uku a jere. Ɗalibar 1999 ce ta zama malamar 2024, domin icen da za a sha inuwarsa sai an dasa shi tun ba a bukatar inuwar. Mu da muke kukan ba mu da isassun mata da za su koyar da 'ya'yanmu mata motsa jiki nesa da idon maza, daga ina muke tsammanin za su fito in mun kori wadda ta kawo kanta?

Yanzu sutura. Ba zan ɓoye ba, gajeren wando matsattse da yawancin 'yan wasan Amurka ke sawa bai kwanta mini ba, kuma ba zan sa 'yata a cikinsa ba. Wanda ya ƙi shi yana da hujjarsa a addini da al'ada, ina tare da shi. Sai dai wandon ba a jikin ƙwallon aka ɗinka shi ba. A gasar Olamfik ta Rio a 2016, Doaa Elghobashy ta Masar ta buga ƙwallon raga na bakin teku da dogon wando da riga mai dogon hannu da ɗankwali, duniya tana kallo. A Amurkan ma, a 2020 alƙalin wasa ya hana wata yarinya Musulma 'yar shekara 14 wasa a birnin Nashville saboda hijabinta, wai ba ta nemi izini a rubuce ba. Iyalinta da makarantarta suka ƙi yin shiru, a 2021 hukumar wasannin sakandare ta ƙasar ta soke sharaɗin neman izinin. Yarinyar ba ta cire hijabi ba, ba ta kuma bar raga ba, ƙa'idar ce ta matsa mata. Mu a nan babu alƙalin da ya tsaya mana a hanya. Filin namu ne, katangar tamu ce, suturar mu za mu faɗa.

Ga masu ilimi a cikinmu, tunatarwa kawai nake yi, sun fi ni sani: ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, har sau biyu. Kuma a cikin wasanni da wuya a samu wanda ya fi ƙwallon raga kunya. William Morgan da ya ƙirƙiro shi a 1895 a garin Holyoke ya yi shi ne don magidanta waɗanda ƙwallon kwando ya yi wa tsanani. Raga ce tsakanin ɓangarorin biyu, babu kokawa, babu bangaza. Shida nan, shida can, taɓawa uku ƙwallo ya haye.

Wani zai ce Amurka ƙasar kuɗi ce, ina mu ina su. Gaskiya ne ba mu da zaure mai kujera dubu takwas, kuma ba na yi wa kowa alkawarin jikarsa za ta samu gurbin karatu a Lincoln. Duk wanda ya zo da irin wannan alkawari yana neman kuɗin fom, a yi hattara da shi. Amma filin wasan nan mita 18 ne a tsawo, 9 a faɗi, ragar mata kuma mita 2.24 daga ƙasa. Turke biyu, raga ɗaya, ƙwallo ɗaya. Kuma ba sai mun haye teku ba: matan ƙasar nan tamu Kamaru sun je Olamfik ta 2016, sun ɗauki kofin Afirka a 2017 da 2019 da 2021. Na 2017 a Yawunde aka yi shi, a zauren wasanni na Warda, suka doke Kenya a wasan ƙarshe. Mun yi murna tare da kowa a ranar. Duk uban da ya tafa wa 'yar wani a wannan dare, ya tambayi kansa dalilin da ya sa tasa 'yar ba ta cancanci yamma biyu a bayan makaranta ba.

Mu 'yan tsiraru ne a ƙasar nan. Kullum muna kukan ba a ganinmu a ma'aikatu da jami'o'i da wuraren da ake yanke shawara, alhali rabin 'ya'yanmu mu muke rufe musu ƙofofin da ba wanda ya rufe. Yarinyar da ta saba tsayawa a fili, ta faɗi ta tashi, ta ci a yaba mata, a ci ta ta haƙura ta dawo gobe, ba ita ce za a razana ta bar aji ba.

Roƙona ga dattawa guda ɗaya ne. A zaman wata mai zuwa a sake ɗauko takardar malamar. A gindaya mata sharuɗɗa yadda ake so: suturar da ta rufe jiki, mata su koyar, a tashi kafin magariba, a gwada na zango ɗaya a gani. Game da wa zai kalla kuwa, ba don a kalle su muke neman filin ba, kuma in ranar kallo ta zo, uwayensu da yayyensu mata sun isa su cika bakin katanga. Takardar ƙi tana nan a cikin fayil da rubutun hannuna. Ina fatan Allah ya nuna mini ranar da zan rubuta wadda za ta shafe ta.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ƙara wa iyayenmu lafiya da basira. Abin da na yi kuskure a yafe mini. Wassalamu alaikum.