Tashar Tsandauri ta Dala da Jami'ar Wudil: Wa zai riƙe ayyukan gobe?

A ranar 30 ga Janairun 2023, shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya buɗe tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki a ƙaramar hukumar Kumbotso. A ziyarar ce kuma ya ƙaddamar da tashar lantarki mai amfani da hasken rana mai ƙarfin megawat 10 a Challawa. An yi bikin ayyukan biyu kamar babu abin da ya haɗa su, alhali irin ma'aikatan da za su buƙata nan gaba ɗaya ne.

Harkar sufurin kaya tana sauya salo. A 2023 Hukumar Kula da Sufurin Ruwa ta Duniya, IMO, ta amince a kawo ƙarshen hayaƙin da jiragen ruwa ke ƙara wa sararin samaniya zuwa wajajen 2050, Najeriya kuma ta ɗauki nata alkawarin zuwa 2060. Manyan tashoshi irin su Apapa da Lekki suna da kuɗin ɗauko ƙwararru daga ko'ina. Ƙanana kamar Dala da Funtuwa da Kaduna kuwa, sai sun raini nasu.

Ƙwarewar da ake magana a kai ba ta takarda ba ce. Tashar da ke son rage kuɗin dizal tana buƙatar mai haɗa faranti da batirin sola, da makanikin da ya san injin ɗaga kwantena mai aiki da lantarki, da wanda zai gyara tirelar da aka mayar mai amfani da iskar gas. Ta fi buƙatar masu gwajin amfanin gona. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, kuma manomi da ɗan kasuwa ne suka ji a jikinsu. Riɗi da zoɓorodo da citta da ke tashi daga Dawanau suna iya gamuwa da irin wannan hukunci muddin babu mai tantance su kafin a rufe kwantena.

A nan ne Wudil ta shigo. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, wadda ta fara aiki a 2001, tana da tsangayar injiniya da ta aikin gona, kuma tafiyar da ke tsakaninta da Zawaciki ba ta kai ta yini ba. Abin da ya rage shi ne yarjejeniya a rubuce tsakaninta da masu tashar da Majalisar Masu Safarar Kaya ta Najeriya: gajerun kwasa-kwasai, da gurbin koyon aiki a cikin tashar, har da kanikawan gareji waɗanda ba su da digiri amma hannunsu ya faɗa. Cibiyar fasahar sufuri ta NITT da ke Zariya na iya taimakawa wajen tsara manhaja.

Idan aka yi sakaci, sakamakon sananne ne: a ɗauko masu fasaha daga Legas, a bar matasan Kano da dako da gadi. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, idan ya kammala, zai ƙaro kayan Nijar, kuma horar da injiniya ɗaya yana cin shekara biyar. Jami'ar ta gwamnatin jiha ce, don haka majalisar dokokin Kano ce ke da ikon tambayar nawa aka ware wa wannan horo a kasafin kuɗi.