Ba Ranar Sallama Ake Gama Da Sankara Ba

Mun iya dubiya, wannan kam ba a ƙwace mana. Idan aka yi wa mace tiyatar sankarar mama, za mu cika asibiti da kuloli da lemo, mu yi ta "Allah ya ƙara sauƙi". Ranar da aka sallame ta kuwa sai mu ce ta warke, kowa ya kama gabansa. Daga nan muke fara cutar da ita, don jinyar da ta rage ta fi wadda aka yi tsawo.

Likita yana cire abin da ido da na'ura suka gani ne. Ƙwayoyin cutar da suka riga suka silale cikin jini ba a ganinsu, kuma suna iya lafewa a ƙashi ko hanta ko huhu, su farka bayan shekara 5 ko 10, wani lokaci har 20. Shi ya sa ake ƙara allurar kemo da gashi da maganin sha bayan tiyata. Yawancin sankarar mama da sinadarin estrojin na jikin mace take girma. Mai irin wannan akan ba ta tamoxifen, ko letrozole idan ta daina al'ada, ƙwaya ɗaya kullum har shekara 5 zuwa 10. Shekara 5 ana shan tamoxifen tana rage mutuwa daga cutar da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Amma me muke yi? Wata shida, maigida ya ce ga ta nan garau, kuɗin magani ya isa haka. Dangin miji su fara zancen haihuwa, alhali maganin yana iya yi wa ɗan tayi lahani, kuma likita ne kaɗai zai tsara lokacin dakatar da shi. Maƙwabciya ta turo bidiyon mai maganin gargajiya a WhatsApp, tana tuna mata cewa daji ba ya son ƙarfe. Idan ta yi kukan zafin jiki da gumin dare ko ciwon gaɓoɓi, sai mu ce ta ajiye ƙwayar, maimakon mu raka ta asibiti a duba ko za a sauya mata wata.

Har ƙaunarmu ma tana da illa. Muna hana ta motsi, muna ɗura mata maiƙo da zaƙi wai ta murmure. Bayan daina al'ada, kitsen jiki ne babbar matattarar estrojin, kuma ƙiba tana da alaƙa da dawowar cutar. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar. Ko zagayen tsakar gida da sauri ya shiga lissafi.

Za a ce talauci, kuma gaskiya ne. Mace daga ƙauye ta nufi Zariya ko Sakkwato ko Abuja don gashi ba ƙaramin kashe kuɗi ba ne, dole mu matsa wa gwamnati a kan haka. To amma dangin da suke haɗa kuɗin anko cikin kwana uku ba za su kasa haɗa na maganin wata ba. Za a ce ƙaddara, mu ma mun yarda. Cutar tana iya dawo wa wadda ta kiyaye komai, kuma wannan ba laifinta ba ne. Laifin yana kanmu idan mu muka sa ta bar magani.

Saboda haka a samu mutum ɗaya a gida ya riƙe ranakun komawa asibiti da na hoton mama na shekara-shekara. Sabon ƙullutu a tabon tiyata ko hammata, ciwon ƙashi da ya ƙi tafiya, tari mai naci, ciwon kai marar daɗi, ko zubar jini ta gaba ga mai shan tamoxifen, duk ba a jira da su. In za mu je dubiya a shekara ta uku, mu tambaye ta ko maganinta na watan nan yana hannu.