Wa Ya Ce Sai Ɗan Kano Ke Buga Littafi?

Akwai wata cuta da ta kama matasanmu masu sha'awar rubutu a Illo da sauran ƙasar Bagudo, ba kuwa rashin basira ce ba. Cutar ita ce raina kai. Ka tambayi mutum ina labarin da ya ce yana rubutawa, sai ya ce, "Ai mu 'yan bakin iyaka ne, Hausarmu ba ta Kano ba ce, ga shi ba ni da digiri." Littafin kuwa yana can ƙasan akwati, gara tana karantawa.

To, mu bi uzurorin nan ɗaya bayan ɗaya. Batun digiri, wane digiri Malam Abubakar Imam yake da shi sa'ad da Ruwan Bagaja ya yi fice a gasar 1933? Shekarunsa wajen 22 ne kacal. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu tana yarinya aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure, amma ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne, har aka buga fassararsa ta Turanci a Indiya a 2012. Ado Ahmad Gidan Dabino ta ajin yaƙi da jahilci ya bi, ga shi In Da So Da Ƙauna ya zagaye ƙasar Hausa.

Batun kamfani kuwa, marubutan Kano na shekarun 1980 da 1990 ba su zauna jiran kamfanin NNPC na Zariya ba. Kuɗinsu suka tara, suka kai maɗaba'a, suka kai kasuwa da kansu. Me zai hana mutum biyar su yi adashi, a buga na kowa bi da bi?

Nisa fa? Haba 'yan uwa! A Gwandu, nan cikin jiharmu ta Kebbi, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna yana wallafa da alƙalamin kara da tawada. Kai da wayar hannu ke aljihunka, ina hujjarka?

Abin da kake jin kunyarsa ma shi ne jarinka. Ɗan Kano bai san kwale-kwale a kan Kwara ba, bai san Dendanci ba, bai san halin da 'yan kasuwa suka shiga da aka rufe iyaka da Binin a 2019 ba. Harshen Kyangawa yana ja da baya, tsofaffin da suka riƙe tarihi suna tafiya. In ba ka rubuta ba, baƙo zai zo ya rubuta yadda ya ga dama.

Masu dariya za su yi, masu suka ma za su yi. Ai icen da ke da 'ya'ya shi ake jifa. Saboda haka, ɗan uwa, ka zauna ka rubuta shafi ɗaya kullum. Wata uku ka haɗa shafi 90. Ka kawo shi taron ƙungiya a karanta, a gyara, a buga. Da tsoron kuskure ake fasa rubutu, da babu littafi ko ɗaya a duniya. Allah Ya yi mana jagora.