Aikin Kirsimeti: A Rubuta Alkawari Tun Ranar Ganawa

Da Nuwamba ta kama, masu shaguna a Babbar Kasuwar Anacha kan ɗauki yaranmu na Head Bridge aikin wucin gadi, su ce wanda ya yi ƙoƙari za a riƙe shi. Janairu na shigowa sai sallama.

Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya ba mai shago har wata 3 kafin ya rubuta wa ma'aikaci sharuɗɗan aiki. Kakar Kirsimeti kuwa ba ta kai haka ba. Don haka tun ranar ganawa yaro ya tambayi albashi, ranar gamawa, lokacin Juma'a da sharaɗin tabbatar da shi, a rubuta, dattijon unguwa ya shaida.

Iyaye, ku gaya musu tambaya ba rashin kunya ba ce, hakkinsu ne.